Me ya sa bireka ke yawan faɗuwa a gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kusan wata biyu ke nan birekar da ke ba kicin da falo wuta a gidana tana faɗuwa. An rubuta C20 a jikinta. Yawanci da safe take yi, bayan an ɗan jima ana aikace-aikace. In na ɗaga ta nan take sai ta ƙi tsayawa, amma in na jira kamar minti biyar sai ta tsaya. Kwanan nan kuma wata mai faɗi da ke gefenta, mai ɗan maɓalli da aka rubuta T a kai, ita ma ta fara kashe gidan gaba ɗaya, wani lokaci cikin dare alhali ba a kunna komai ba. Wani ya ce in canza su da manya in huta. Mene ne shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da shawarar da aka ba ka, domin ita ce ta fi gaggawa: kada ka ɗauke ta. Wanda ya faɗa maka ba sharri ya nufa ba, kuma gaskiya ne in ka sa mai lamba 40 a gurbin mai 20 za ka daina ganin faɗuwa. Sai dai an bar jaki ne ana dukan taiki. Bireka labari take kawo maka, kuma ba ta da wani baki da za ta yi magana da shi in ba faɗuwar nan ba. Daga bayanin da ka yi ma, matsala biyu ce gare ka, a jikin na'ura biyu masu aiki daban-daban, duk da cewa suna zaune kafaɗa da kafaɗa a cikin akwati ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauka an sa bireka ne don ta kare firji da talabijin. Abin da take gadi shi ne wayar da ke binne cikin bango, wadda ba ka ganinta, ba ka jin zafinta, ba kuma za ka san ta fara narkewa ba sai ka ji ƙauri. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta ɗauka gwargwadon kaurinta, kuma da wannan kaurin ake zaɓen lambar bireka. Lambar 20 ɗin da ka gani tana nufin amfiya 20, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Ka riƙe wannan, domin duk sauran maganar a kansa ta tsaya.

In ka fasa irin wannan ƙaramar bireka za ka tarar da masu gadi biyu a ciki. Na farko wani ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi ta hanyar manna ƙarafa iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi. Wutar da gidan ke ja tana ɗumama shi, in ta yi yawa sai ya riƙa lanƙwasa a hankali har ya taɓo kunamar da ke riƙe da hannun birekar. Wannan mai haƙuri ne, yana iya ɗaukar minti goma ko rabin awa kafin ya yanke hukunci. Na biyu wata 'yar naɗaɗɗiyar waya ce da ke zama maganaɗisu in wuta mai tsananin yawa ta ratsa ta, sai ta fizge kunamar kafin ƙiftawar ido. Tsarin nan ba sabo ba ne, tun 1924 wani injiniya a Jamus mai suna Hugo Stotz ya yi rajistar haɗa su biyun a gida ɗaya, don a huta da canza fis duk lokacin da ya ƙone. Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne, yanayin faɗuwar yana nuna wane ne cikin biyun ya yi aiki. Shi ya sa duk wanda ya kira ni kan bireka, tambayata ta farko ba ta wuce: yaushe take faɗuwa, kuma bayan minti nawa?

Kai ka riga ka amsa. Ka ce sai an ɗan jima ana aiki, kuma ba ta tsayawa sai ka jira minti biyar. Wannan siririn ƙarfen ne. Ƙin tsayawar da take yi ba lalacewa ba ce, ƙarfen ne bai huce ya miƙe ba tukuna. Abin da ke damun C20 ɗinka lodi ne ya yi mata yawa, ko kuma wani abu na ɗumama ta daga waje, zan zo kan wannan a gaba.

Lissafin lodi ba shi da wuya. A ƙasashen da wutar gida take bolt 230, kana ninka 230 da lambar birekar ka samu iyakar wat ɗin da layin zai ɗauka. Taka 230 sau 20, wato wat 4,600. Yanzu ka juya kayan da ake kunnawa da safe ka karanta abin da aka rubuta a gindinsu. Butar dafa ruwa ta lantarki takan ja wat 2,000 ko fiye. Dutsen guga daga 1,000 zuwa sama da 2,000. Na'urar ɗumama abinci wajen 1,200 zuwa 1,500. In akwai hitar ruwan wanka a layin, ƙara 1,500 zuwa 3,000. Duk abin da aikinsa samar da zafi ne, shi ne mai cin wuta. Talabijin da fanka da cajar waya da ƙwayayen fitila na zamani, ko ka tara su duka, da ƙyar su kai rabin abin da buta ɗaya ke ja. Na sha ganin maigida yana bin yara yana kashe fitilu don kada bireka ta faɗi, alhali dutsen guga biyu na kan layi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne bireka ba ta faɗuwa da zarar an haura lambarta. A ƙa'idar da ake ƙera irin waɗannan da ita, dole ta jure ninki 1.13 na lambarta har tsawon awa guda ba ta faɗi ba, kuma dole ta faɗi kafin awa guda in an kai ninki 1.45. Ga taka, amfiya 22 da ɗoriya za ta ɗauka ta yi shiru, amma a 29 ba za ta cika awa ba. In an kai wajen 50, cikin minti ɗaya ta gama. Ka ga ke nan buta da dutsen guga da na'urar ɗumama abinci, wat 5,400 misali, amfiya 23 ne da rabi, kuma da yake buta ba ta daɗewa a kunne, ana iya shekara ana haka lafiya lau. Ranar da aka ƙara abu ɗaya mai wat 1,500, an koma amfiya 30, sai rigima ta fara. Mutum ya ce ai da ba ta yi, me ya same ta? Ba abin da ya same ta. Da ma a bakin gaɓa ake tsaye. Don haka ka tuna baya: wata biyun nan da suka wuce, me aka sayo? Wa ya ƙaru a gidan? Ko sanyi ne ya shigo aka fara dafa ruwan wanka? Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma kada ka yarda da abin da aka rubuta a murfin akwatin. In birekar ta faɗi, zagaya gidan da fitila ko cajar waya ka gwada kowane soket, ka ga iyakar inda wutar ta mutu. Sau da yawa za ka tarar an jawo soket ɗin wani ɗaki, ko hitar banɗaki, ko injin jan ruwa, an liƙa a layin kicin saboda nan ne ya fi kusa lokacin da ake aikin.

Yanzu ka duba abin da zai faru in an sa mai 40. Wayar soket a mafi yawan gidaje mai kaurin sukwaya milimita 2.5 ce, kuma abin da take iya ɗauka yana tsakanin amfiya 20 da 27, gwargwadon yadda aka shimfiɗa ta. Wadda ke cikin bututu tare da wasu wayoyi, ko a rufi mai zafi, ba ta kai wadda ke shan iska ba. Zafin da waya ke yi kuwa ba daidai da wutar yake hawa ba: in wuta ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Robar da ke jikinta an yi ta ne don kada ta wuce digiri 70. In ana wuce haka kullum sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage, wata rana tagulla ta fito tsirara a inda ba mai gani. Bireka mai 40 za ta zuba ido tana kallo, domin a wurinta amfiya 35 ba laifi ba ne. Wani zai ce ai a Ingila ana sa mai 32 a kan waya mai 2.5. Haka ne, amma can wayar zobe ake yi da ita, ta fita daga akwati ta zaga sokets ta dawo, wutar tana bin hanya biyu. In layinka ba haka aka yi shi ba, wannan hujjar ba taka ba ce. Ban ma taɓo maganar wayoyin jabu ba, waɗanda aka rubuta 2.5 a jiki amma tagullar ba ta kai ba, ko gorar ruwa ce aka shafa wa tagulla.

Maganin lodi biyu ne. Mai sauƙin shi ne a daina kunna masu zafi lokaci ɗaya, a gama dafa ruwa sannan a yi guga. Mai ɗorewa shi ne a raba layin: a ja sabuwar waya daga akwati zuwa kicin da birekarta, hita da na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki kowanne ya samu nasa layin, da waya mai kaurin 4 ko 6 in nauyinsa ya buƙaci haka. In za a ƙara lambar bireka, to tare da wayar ake ƙarawa. Wani abu da nake so ka sani a nan: ekstenshan ɗin da ake jona abu biyar a kai, yawancinsu amfiya 10 ko 13 suke ɗauka. Yana iya narkewa ƙurmus birekarka mai 20 ba ta ko motsa ba, in ba shi da fis nasa. Kada a jona masu zafi a kansa.

Ɗaya mai gadin, na maganaɗisu, halinsa daban. Kana danna makunni ko kana tura filogi sai ka ji fat, wani lokaci da tartsatsi, wuta ta ɗauke. Ka ɗaga, ta sake faɗuwa tun hannunka bai bar ta ba, ko da ka jira awa guda. Wannan haɗuwar waya ce: layif, wato wayar da ke kawo wuta, ta taɓa nutural, wadda ke mayar da ita, ko ta taɓa wayar ƙasa, wadda aka sa don kariya, kai tsaye, sai ɗaruruwan amfiya su kwararo lokaci ɗaya. Masu jawo shi sanannu ne. Wayar dutsen guga da ta murɗe ta karye a gindi, ɓera a rufi, ƙusar da aka buga don rataye hoto ta huda bututu, ruwa a cikin soket, mazaunin ƙwan fitila da ya ƙone, filogin da aka ɗaure wayarsa da gaggawa silin tagulla ya leƙo. Ko tsohon ƙwai mai zare yakan fāɗar da birekar fitilu a daidai lokacin da ya mutu, wannan kam canza ƙwan kawai za a yi. In ka ga irin wannan faɗuwar, kada ka yi ta ɗagawa. Kowace ɗagawa wani tartsatsi ne a wurin da abin ya lalace, kuma tana cinye bakin birekar daga ciki. Masu danne hannunta da tsinke ko salatif ma wahalar banza suke, an ƙera ta yadda za ta saki daga ciki ko an riƙe hannun.

Harafin C da ke gaban lambar taka yana magana ne kan wannan mai gadin. Mai B takan fizge a ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C a ninki 5 zuwa 10, mai D a 10 zuwa 20. An yi bambancin ne saboda injina. Kwamfiresar firji ko ta na'urar sanyaya ɗaki, ko injin jan ruwa, a daƙiƙar farko ta tashi sukan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da suke ja in sun daidaita. Shi ya sa za ka ga bireka mai B tana faɗuwa a daidai lokacin da inji ya yunƙura, ba tare da wani abu ya lalace ba. Amma in injin ya daɗe yana aiki lafiya sannan ya fara haka, a duba shi. Kafasito, ɗan abin da ke taimaka wa inji ya tashi, in ya mutu, inji sai ya tsaya yana gurnani ba ya juyawa, yana ta zuƙar wuta. Haka in an ɗauke wuta aka maido nan take, kwamfiresa tana ƙoƙarin tashi alhali iskar cikinta ba ta sauka ba, shi ya sa ake cewa a ba ta kamar minti uku. Wuta in ta zo ba ƙarfi ma haka ne. Buta da dutsen guga sai dai su yi sanyin aiki, amma inji ƙara jan amfiya yake don ya cike giɓi, ya yi zafi, ya ja bireka ƙasa.

Mu koma kan mai faɗin nan mai maɓallin T, domin ita ce ta fi ɗaure kai, kuma ita na fi so ka ɗauka da muhimmanci. A jikinta za ka ga an rubuta RCD ko RCCB, wasu kuma har yanzu suna kiranta ELCB, tare da lamba 30mA ko 0.03A. In RCCB ce zalla, ba ruwanta da lodi ko kaɗan, lambar 40 ko 63 da ke jikinta iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kawai. Aikinta awo ne. Tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. In komai lafiya, daidai suke. In wadda ta dawo ta gaza, to wani ɓangare ya zurare ta wata hanya zuwa ƙasa, ta jikin bango mai laima, ta jikin injin wanki, ko ta jikin mutum. Miliamfiya 30 kashi 30 ne cikin dubu na amfiya ɗaya, ɗan mitsitsi, amma jikin ɗan Adam ba ya wasa da shi. A wajen miliamfiya 10 hannu ke ƙanƙamewa mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, in aka haura 30 kuma aka daɗe, numfashi da bugun zuciya na cikin haɗari. Birekarka mai 20 ba za ta ma san ana yi ba. A Amurka irin wannan na'urar da suke sawa a soket ɗin banɗaki da kicin a wajen miliamfiya 5 take yankewa. Don haka babu maganar “babba” a nan. Wanda ya cire ta, ko ya sa mai 300mA a gurbinta, ya cire abu ɗaya tilo da ke tsakanin yaron da ya taɓa firji da jiƙaƙƙen hannu da kabari.

Babban abokin gabarta ruwa ne. Fitilar waje da ruwan sama ko raɓa ke shiga, soket a bangon da ke tsatsafa, wayar injin jan ruwa da aka yi wa haɗi aka binne, tururi a banɗaki. Bayan ruwa sai ƙarfen da ke zafi a cikin hita, injin wanki, tanda da buta. A cikin wannan ƙarfen akwai waya da aka kewaye da wani farin gari mai hana wuta wucewa. In ƙarfen ya tsufa ya yi ɗan tsagu, garin ya sha laima, sai wuta ta fara yoyo zuwa jikin na'urar. Alamarsa ita ce injin wanki ya yi ta juyawa lafiya, sai ya zo wurin ɗumama ruwa gidan ya mutu.

Ka ce cikin dare take yi ba a kunna komai ba. Malam, gida ba ya barci duka. Hita mai tamostat tana kunna kanta in ruwa ya huce. Injin jan ruwa mai kunna kansa yana tashi in tanki ya yi ƙasa. Fitilun waje suna nan, kuma da asuba raɓa ta fi sauka. Sai kuma firji irin wanda ba ya tara ƙanƙara, wanda ya taɓa wahalar da ni a wani gida har na kusa cewa na'urar ce ta lalace. Na auna kowane layi, komai ƙalau. In na tafi, bayan wasu awanni a kira ni. Ashe irin wannan firjin yana da ɗan ƙarfen zafi a ɓoye bayan bangon firiza, wanda ke kunna kansa lokaci-lokaci ya narkar da ƙanƙara. Shi ne ya tsage. In ba a lokacin da ya kunna ka auna ba, ba za ka ga komai ba. Da muka cire firjin daga soket na kwana ɗaya, shiru kake ji. Tun daga nan, duk faɗuwar da ba ta da lokaci, firji nake fara tuhuma.

Akwai wasu biyu da suka fi wannan ɓuya. Ɗaya shi ne nutural ta taɓa wayar ƙasa a wani wuri, misali sukurun murfin soket ya ɗan cije ta. Ba tartsatsi, ba ƙauri. Amma duk lokacin da aka kunna abu mai nauyi a ko'ina cikin gidan, wani ɓangare na wutar da ke dawowa sai ya bi ta wannan haɗin, awo ya ƙi daidaita, na'urar ta faɗi. Sai a ɗora wa buta laifi alhali aibin yana ɗakin kwana. Kashe ƙananan birekoki ɗaya bayan ɗaya ba ya tona shi, domin yawancinsu layif kaɗai suke yankewa, nutural na nan a haɗe. Na lura kuma matsalolinka biyu sun zo kusa da juna, to ba mamaki wayar layin kicin ɗin da ta daɗe tana shan zafi ce robarta ta fara sakin wuta. Ban ce haka ne ba, amma in ni ne zan zo, da wannan layin zan fara. Na biyun shi ne tarin ƙananan yoyo. Kwamfuta, talabijin, injin wanki, na'urar sanyaya ɗaki ta zamani, kowanne yana da ɗan yoyon da aka ƙera shi da shi, miliamfiya ɗaya ko biyu. Ita kuwa mai 30mA an yarda ta faɗi tun daga 15. In gida guda yana rataye a kan guda ɗaya, ana iya zama a 12 ko 13 kullum, abu kaɗan ya ƙaru ta tafi. Maganinsa a raba gidan kan guda biyu ko fiye, ko a sa wa kowane layi irin wadda ake kira RCBO, mai haɗa aikin biyun, ta yadda in fitilar waje ta sha ruwa ita kaɗai za ta mutu, ba za a tashi a tarar da firiza ta narke ba.

Birekar kanta tana lalacewa? Tana yi, amma ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda nake zargi. Abin da ya fi yawa shi ne sukurun da ke riƙe waya a bakinta ya saki. Haɗi mai sako-sako yana zafi, zafin ya ratsa zuwa siririn ƙarfen nan, sai ta faɗi a amfiya 12 tana zaton 30 ne. An kuma daidaita waɗannan birekoki ne a kan zafin digiri 30, saboda haka akwatin da rana ke duka, ko aka cusa shi inda ba iska, zai sa su riƙa faɗuwa da wuri. Sai wadda aka yi ta ɗagawa a kan haɗuwar waya har bakinta ya ƙone, sai kuma jabu. In an tabbatar ita ce, a canza ta da mai lamba ɗaya da harafi ɗaya.

Abin da za ka iya yi da hannunka kafin ka kira ma'aikaci ga shi. In mai faɗin ta faɗi, ka zare filogin komai daga bango. Zarewa nake nufi, kashe makunnin soket bai isa ba, saboda maganar nutural ɗin nan. Ka sauke ƙananan birekoki duka, ka ɗaga mai faɗin, sannan ka riƙa ɗaga ƙananan ɗaya-ɗaya. Wadda ta fāɗar da ita, layinta ne ke da ciwo. In duk sun tsaya, ka mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, kana ba kowanne lokaci ya yi aikinsa sosai. Tun da taka ba kullum take yi ba, ka ajiye takarda kusa da akwatin, duk faɗuwa a rubuta ƙarfe nawa, me ke kunne, an yi ruwa ko ba a yi ba. Mako ɗaya na wannan rubutun ya fi wa mai gyara amfani a kan dogon bayani. Wasu birekoki in sun faɗi hannunsu a tsakiya yake tsayawa, sai ka kai shi ƙasa gaba ɗaya kafin ya yarda ya hau. Maɓallin T kuma na gwaji ne, in ka danna dole ta faɗi nan take. Ana so a riƙa gwadawa lokaci-lokaci, wasu kamfanoni sun ce duk wata, wasu duk wata shida. Wadda aka danna ta ƙi faɗuwa ta fi mai yawan faɗuwa haɗari.

Iyakarka ke nan. Kada ka kwance murfin akwatin, domin ko ka kashe babbar bireka, wayoyin da ke shigowa ta samanta suna da wuta. Wanda za ka kira, ka lura da kayan aikinsa. Ya kamata ya zo da mita mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙalawa a waya, ya auna amfiya nawa layin kicin ke ja a lokacin da aka kunna kayan safe. In ya ga 28 ko 30, lodi ne. In ya ga 12 kuma tana faɗuwa, sukuru ne ko birekar. Ya kamata kuma ya zo da na'urar gwada lafiyar robar waya, wadda ke tura bolt 500 ta auna ko akwai yoyo, bayan an cire kayan laturoni daga layi don kada su lalace. Layin da ya nuna ƙasa da megohm ɗaya bai ci jarrabawa ba. Wanda ya zo da tasta mai ɗan haske kaɗai, ya leƙa akwati, ya ce a sayo babbar bireka, ka ba shi haƙuri ka nemi wani.

In kuwa kafin ya zo ka ji ƙaurin roba ko wani ƙarni kamar na kifi kusa da akwati ko soket, ko ka ji ƙara zzz daga ciki, ko ka ga baƙi-baƙi a jikin soket, ko fuskar birekar ta yi zafin da ba ka iya barin yatsa a kai, ko wani a gidan ya ce famfo ko firji ya ɗan ja shi, to ka sauke birekar wannan layin ka bar ta a ƙasa. In ba ka san wane layi ba ne, sauke babbar, a kwana da tocila har mai gyara ya iso.